Mota mai ɗaki a hannun dillali: me zan duba kafin in biya?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara. Na ga mota mai ɗaki, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, a wurin wani dillalin motoci. 'Yar Beljiyam ce, Fiat Ducato mai shan dizal. Don kwana a gona wajen Soba lokacin girbi nake son ta. Ya ce in ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai mai so. Ban taɓa sayen irinta ba. Ta ina zan fara?

Bakaniken Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da rufi, inji ya jira. Abin da ke kashe irin wannan mota ruwa ne. Bangonta falle ne na alminiyam ko faiba a waje, soso a tsakiya, katako siriri a ciki. Gam ɗin da ke bakin tagar sama da haɗin kusurwoyi yana tsagewa da rana, ruwa ya riƙa shiga a hankali, katakon ya ruɓe daga ciki alhali fentin waje na ƙyalli.

Ka sa a rufe ta ruf na awa guda a rana, sannan ka buɗe ka shiga da hancinka. Warin ruma ko turare mai yawa, duk alama ce. Ka danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga, cikin kabad na sama, da bayan banɗaki. In ya lotsa kamar burodi, an gama magana. Ka taka ƙasa a bakin ƙofa ka ji ko yana nutsewa. In ka samu na'urar auna danshi irin ta masu katako, ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya, sama da 20 akwai matsala. Amma a hunturun Zariya komai a bushe yake, na'urar za ta yaudare ka. Sa tiyo a kan rufin minti goma, wani na ciki da tocila.

Inji kuma, ka je da sassafe a tayar da shi a sanye a gabanka. In mai lita 2.3 ne, bel ɗin taimin gare shi, kuma shekara biyar ake canza shi ko da motar a ajiye take. In ya tsinke, bawul sun tafi. Kayan ƙafa da na bodi kusan ɗaya suke da na Peugeot Boxer, magajiyar J5, amma injin daban ne, don haka ka kira Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ji ko akwai noza da famfonsa kafin ka biya.

Hajiya Tudun Wada:
Ɗana, kada ka ba da ko sisi sai ka riƙe takardun kwastan a hannu. Lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 ta zama ɗaya a kan ƙarfen motar da kan takarda, sannan ka kai ofishin kwastan da kanka su tabbatar an biya harajin da ya dace da ita. Wasu ana shigo da su da sunan motar kaya don a biya kaɗan, ranar da aka tare ka a hanyar Kano kai za ka cika.

Ka duba ko sitiyarin asali a hagu yake. Ta Ingila a dama take zuwa, doka ba ta yarda da ita ba a nan, kuma ko an juya sitiyari ƙofar ɗakin tana nan a hagu, wato iyalinka cikin titi za su riƙa sauka. Duk gyaran da dillali ya yi alkawari a rubuta shi a takardar ciniki, da ranar gamawa, da sharaɗin mayar da kafin alƙalami, da wanda zai biya la'ada. Zancen "akwai mai so" kuwa, motar da ba kowa ke nema ba ce, ba inda za ta.

Mai Sola Kwangila:
A ce ya haɗa komai ya kunna a gabanka. Batir biyu ne, na inji da na ɗaki. Na ɗakin, bayan ya huta, ya nuna kamar volt 12.6, in ya faɗi ƙasa da 12 da kunna fitilu da famfon ruwa, ka cire kuɗin sabo daga farashi. Motar Turai volt 230 take ci kamar wutarmu, ta Amurka ce mai 120, wadda soka ta a janareta kai tsaye zai ƙone caja.

Firjin da ke aiki da gas da wuta yana son sa'o'i kafin ya yi sanyi, kuma sai motar na tsaye daidai. Sa a kunna tun dare. A zafin Afrilu dai ba ya wani abin kirki. Tiyon gas na da shekara a rubuce a jikinsa. Shafa ruwan sabulu a kowane haɗi ka ga ko zai yi kumfa, kuma ka gwada ko kan regiletar zai hau tukunyarmu.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. Tayoyin fa? Zanensu sabo fil.

Bakaniken Sabon Gari:
Zane ba ya nuna shekaru. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya: 3219 na nufin mako na 32 a 2019. In ta haura shekara biyar zuwa shida, canza duka har da safaya, don zama wuri ɗaya da nauyi ke tsaga su. Yawancin waɗannan motoci iyakarsu kilo 3,500, yana rubuce a farantin da ke jikinta. Hau sikelin manyan motoci da ita ba kaya, ka ga abin da ya rage. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce, ga mutane, ga janareta, ga tukunyar gas. Buhun masara biyu ko uku na iya haurar da kai. Kuma bayanta dogo ne, ƙasa-ƙasa, tankin ruwan datti na rataye a nan. Auna tsayinsa daga ƙasa, ka je ka dubi kwalbatin shiga gonar tukuna.