An daina rabon maganin tundurmi, ga ƙafar Baba tana ƙara kumbura

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Mahaifina yana ƙauye kusa da Tawa, ƙafarsa ta hagu ta daɗe da kumbura, ga kuma gwaiwa da yake ɓoyewa. Da can duk shekara masu sandar awon tsawo na bi gida gida da ƙwayoyi. Yanzu sun daina zuwa, wai cutar ta kusa ƙarewa. Ta yaya ta ƙare ga ta a ƙafarsa? In sayo masa ƙwayoyin a kasuwa? Kawuna kuma ya nace a kira wanzami ya tsaga.

Wata ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam. Don Allah ɗan'uwa, kada aska ta taɓa ƙafar nan. Miki kaɗan ya isa ya jawo masa zazzaɓin nan mai zafi da ke ƙara kumburin.

Ƙwayoyin da kake faɗi, ivermectin da albendazole, suna kashe ƙananan tsutsotsin da ke yawo cikin jini ne, don sauro ya ciji mutum ya rasa abin kai wa wani. Uwayen tsutsotsin kan yi shekara 6 zuwa 8 a jiki, shi ya sa ake maimaita rabon aƙalla shekara 5. Ba a dakatarwa sai an gwada jinin yara masu shekara 6 da 7 an ga cutar ta daina yaɗuwa. To jikokinsa ne suka tsira. Kumburin Baba kuwa ɓarna ce da ta riga ta auku, ko kwali guda ya sha ba zai sace ba.

Abin da ke taimakawa: wanki da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, a tsane tsakanin yatsu sosai, ya riƙa ɗora ƙafar bisa matashi, yana motsa ta, ya bar yawo ba takalmi.

Wani dattijo: Gwaiwar ita ce mai sauƙi, yaro. Aiki ake yi a cire ruwan, mutum ya koma gonarsa. Kunya ce kawai ke kashe mu. Kada kai ka yi masa maganar, ka tura amininsa.

Ɗalibi daga Yamai: Togo ta samu shaidar kawar da tundurmi daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017, Malawi a 2020. Mu ma a Janairun 2025 an tabbatar Nijar ce ta farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin kogi, kuma rabon ivermectin ɗin nan na tundurmi ya taimaka. Amma ba a ba ƙasa shaidar tundurmi sai ta nuna tana kula da masu kumburi da gwaiwa, don haka kula da Baba haƙƙinsa ne, ba roƙo ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, a likitar ƙauye za a fara, ko in wuce da shi babban asibitin Tawa?

Ma'aikaciyar lafiya: Fara da likitar ƙauye, majo, wato babban ma'aikacin lafiyar wurin, zai duba ya ba ku takardar turawa. Ka tambayi kuɗin aikin tun a can kafin ku hau mota.