Abin da 'yan majalisa suka ce kan wasan akuya

Daren Asabar, a majalisarmu ta Zoo Road, hira ta koma kan Goat Simulator, wasan bidiyon nan na kwamfuta da waya da kamfanin Coffee Stain Studios na ƙasar Suwidin ya fitar ranar 1 ga Afrilu, 2014. Kai ne akuyar, aikinka ɓarna: ka tunkuyi mutane, ka fasa tagogi, ka lashi abu ya manne a harshenka ka ja shi har titi.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada sabon shiga ya tsaya neman labari ko ƙarshen wasa. Ya yi ta yawo kawai, maki na zuwa ne daga ɓarna. Wani ya ce a fara da tunkuyar gidan mai, a ga yadda yake tashi da wuta, akuyar ta yi sama kamar tsumma. Idan kuma wuyanta ya murɗe ko ta maƙale a bango, ba wayarka ce ta lalace ba, da gangan masu wasan suka bar kurakuran da ke ba da dariya. Ni a nan na fi jin daɗinsa.

Masu son wasa tare su nemi Goat Simulator 3 na 2022, mutum huɗu na iya shiga. Babu na 2, tsokana ce kawai.

Kan waya kuwa, an ce yana cin caji, ƙaramar waya tana zafi. A sauke shi daga Play Store, a guji na bulus. Wani yayanmu ya ƙara da cewa a ƙayyade wa yara lokaci, kada ya ci musu Islamiyya.