Pijo 504 ɗina ba ta tashi idan ta yi zafi, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Pijo 504 haɗin Kaduna, wadda na gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da safe ba ta da matsala, murɗa makulli ɗaya ta tashi. Amma in na yi tafiya mai nisa na kashe ta, to sai Allah. Makon jiya daga Zariya za ni Kano, na tsaya sallar azahar a Kwanar Ɗangora, ko minti ashirin ban yi ba, na dawo ta ce ba ta san zancen ba. Kik yana juyawa lafiya, ga warin fetur, sai da na zauna kusan awa guda sannan ta tashi da baƙin hayaƙi. Abin mamaki, in na kashe na sake tayarwa nan take, tana tashi. Na canza batir da fulogi, duk a banza. Iyali sun fara cewa in sayar, ni kuwa ba na so.

Wani ɗan'uwa daga Gusau: Wa alaikumus salam. Malam, kwayil ne, wanda ke ba fulogi wuta. Tawa haka ta yi, in ya ɗau zafi wutarsa sai ta yi rauni. Canza shi ka huta.

Bakanike daga Panteka, Kaduna: Alhaji, kar ka sayi komai tukuna. Kwayil yana iya yin haka, gaskiya ne, amma wanda ya gaji yakan sa mota ta riƙa shaƙewa ko ta mutu ana cikin tafiya, kai kuma ba ka ce taka tana yi ba. Warin fetur da baƙin hayaƙin nan su ne suka tona asiri: mai ne ya yi mata yawa.

Ga abin da ke faruwa. Kana kashe inji fanka ta tsaya, ruwan lagireto ya daina zagayawa, zafin sai ya taru a ƙarƙashin bonet ya hau kafireta. Fetur ɗin da ke cikin kofinta ya tafasa, ya malala cikin inji. Wannan yana ɗaukar mintuna, shi ya sa in ka tayar nan take take tashi, in ka jima kuma ta ƙi. In allurar da ke tsayar da mai ta cinye, ko an saita fulot ɗin, wato abin da ke yawo a kan mai yana danna allurar, sama da ƙa'ida, abin ya fi muni.

Gwada wannan: in ta ƙi tashi, taka totur har ƙasa ka riƙe, kar ka riƙa bugawa, kar ka ja cok (abin da ake ja da sanyin safiya don ƙara mata mai), sannan ka murɗa. Duk bugun totur ƙarin mai kake watsa mata. In ta tashi a haka, magana ta ƙare. Sai a duba allurar da fulot, a kuma duba ko faifan nan mai kauri da ke raba kafireta da zafin inji yana nan, don yaran gareji sukan yar da shi su sa gasket siriri. Tunda an buɗe bonet, a auna tazarar kwantak ma, wato bakin da ke buɗewa yana rufewa don aika wa fulogi wuta, milimita 0.4 ce.

Tsohon direban tasha: Yaro, mu a hanyar Maiduguri jiƙaƙƙen tsumma muke ɗora wa famfon mai, mu ɗaga bonet ta sha iska. Shekara nawa muna haka.

Bakanike daga Panteka: Baba, dabararku tana aiki, amma ta wata cutar ce daban. Taku fetur ne ke zama tururi a cikin famfo da tiyo, mai ya kasa isowa kafireta, mota ta ji yunwa. Tasa kuwa ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ɗaga bonet ɗin dai zai taimaka masa shi ma.

Mai tambaya: Oga, Allah ya saka da alheri. Yau na gwada a bakin masallacin Juma'a, na danne totur, ta ɗan ja sannan ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe masu sayar da rake. Na kai gareji, faifan ma babu shi kwata-kwata, allurar kuma ta yi tsagi. An canza allurar, faifan ne ban samu ba a Zariya. Ko za a samu na hannu a wajenku?

Bakanike daga Panteka: Akwai, Alhaji. Ka duba jikin kafiretar ka faɗa mini ko Solex ce, kuma maƙogwaro ɗaya ne da ita ko biyu, don faifan ba iri ɗaya ba ne.