Tambaya: Sunan 'yata bai fito a rauda (makarantar ƙananan yara) ta gwamnati ba, ina mafita?

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Makka. Don Allah a ba ni shawara.

Na yi wa 'yata rajistar rauda a tsarin Noor, wato shafin rajistar makarantu na gwamnatin Saudiyya, ajin tamhidi, wanda daga shi sai firamare. Iƙamarta (takardar izinin zama) da rai, katin rigakafi ma cikakke, na zaɓi makarantun da ke kusa da mu a titin Mansur (Shari'a Mansur). Da aka fitar da sakamako babu sunanta. 'Yar maƙwabciyarmu kuwa, da muka cika fom tare a waya ɗaya, ta samu. Ban ga laifin kowa ba, kujeru kaɗan ne, yara kuma sun yi yawa.

Matsalar tana cikin gida. Hajiya, mahaifiyar maigidana, gani take sakaci na yi, ta ce in je in roƙi shugabar makarantar ido da ido, wai haka ake yi a zamaninsu. Yarinyar kuma an riga an saya mata jaka, kullum da safe sai ta rataya ta tsaya bakin ƙofa. Rauda ta kuɗi ta fi ƙarfin albashin maigidana na direba.

To, wadda ta taɓa shiga irin wannan: idan wani ya janye, ana kiran waɗanda ba su samu ba, ko sai baɗi? Zuwa makarantar da ƙafa yana da amfani kuwa? Abin da ya fi damuna, rashin yin tamhidi zai hana ta shiga aji ɗaya? In ba zai hana ba, ina tunanin kai ta darul tahfiz (makarantar haddar Alƙur'ani) ta mata mai ajin ƙananan yara, sai dai Larabcin karatu nake jiye mata, don Hausa muka fi yi a gida.

Allah ya saka da alheri.