Hayaƙin salansar tarakta yana dawo mini a fuska, ina zan karkata shi?

Mai Ƙaramar Tarakta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ina da ƙaramar tarakta mai injin fetur, ta hannu na saya. Bakin salansarta yana gefen dama a ƙasan bonet, yana kallon gaba. To duk hayaƙin da ta fesa cikinsa nake kutsawa, in kuwa iska ta taso daga gaba, kamar a hancina aka kafa bututun. Aikin awa biyu sai in sauko da ciwon kai, kayana duk warin mai. Jiya har jiri ya kwashe ni da na diro. Na yi niyyar kai wa mai walda ya ƙara fayif ya miƙe sama, sai wani ya ce zai kashe wa injin ƙarfi. Ina da ragowar fayif ɗin ruwa a ajiye, zai yi? Ko dai takunkumi zan riƙa sawa in huta?

Maman Yara:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar fayif tukuna. Ciwon kai da jiri bayan shaƙar hayaƙin fetur alamun iskar kabon monoksayid ne. Ba ta da wari, ba ta da launi. Warin da kake ji na man da bai gama ƙonewa ba ne, ita tana tafe a cikinsa shiru. In ta shiga jini tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin kansa ke mannewa sama da sau 200, shi ya sa kai da zuciya ke fara jin jiki. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa iyakar kashi 50 cikin miliyan na iskar da ake shaƙa a aikin awa 8, abin da ke fita daga bakin ƙaramin injin fetur kuwa ya ninka wannan nesa ba kusa ba.

Takunkumi ba zai yi maka komai ba. Ƙura yake tarewa, wannan iskar ratsa shi take yi. Don Allah kada ka ƙara hawa sai an gyara. In jirin ya dawo, ko ka ji tashin zuciya ko ƙirjinka ya riƙe, kashe inji ka fita sarari, a kai ka asibiti, ka kuma faɗa musu hayaƙin inji ka shaƙa. Kada ka tuƙa kanka.

Tsohon Bakanike:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ni kuma tambayata, ɗana, ka tabbata daga bakin salansa kaɗai hayaƙin ke zuwa? Sau da yawa mutum ya kashe kuɗi ya ƙara bututu, ciwon kai bai tafi ba, ashe gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da salansa, wato faifan da ke toshe mahaɗarsu kada hayaƙi ya tsiyaya, shi ne ya ƙone. Fankar inji ta kwashi hayaƙin da ke tsiyaya ta nan ta watso shi ƙarƙashin sitiyari, daidai inda kake zaune. Bari inji ya huce, buɗe bonet ka duba mahaɗar. In ka ga baƙin toka ya yi zane a gefenta, ta nan yake fita. Duba jikin salansar ma, ko tsatsa ta huda ta.

Sannan me ya sa kayanka ke warin mai haka? Injin da ke shan mai fiye da iskar da yake samu shi ya fi fitar da gubar nan. Ciro matatar iska ka gani, in ta toshe canja ta. Duba cok, wato abin da ake ja a rage wa inji iska lokacin tayarwa, yana komawa gaba ɗaya in ka tura shi, wayarsa kan saki. In hayaƙin baƙi ne, kafireto na neman saiti. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai yake ƙonawa, ringi ko bawul sun gaji, wannan kuma fayif ba ya maganinsa.

Ɗan Walda:
Oga, fayif ɗin ruwan nan bar shi inda yake. Irinsa rufin tutiya gare shi, in ya sha wutar walda ko zafin salansa yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki. Ka gudu daga wani hayaƙi ka faɗa wani ke nan. Ga nauyi kuma. Nemi fayif ɗin salansa na gaske, mara kauri.

Maganar kashe ƙarfin inji, wanda ya gaya maka rabin gaskiya ya faɗa. Abin da ke shaƙe inji shi ne fayif da ya fi bakin salansa ƙanƙanta, ko lanƙwasa da yawa, ko a yanka fayif biyu a haɗa su kusurwa tsaye. Sa faɗi ɗaya da na asali ko ɗan sama da shi, gwiwa guda mai lanƙwasa a hankali, ba za ka ji bambanci ba.

Inda aka fi yin kuskure tsawo ne. Wasu sai su tsayar da bututun daidai tsayin fuskarsu, gara ma da ba su taɓa shi ba. Hau kujera ka zauna a auna, bakin ya wuce saman kanka sosai, ya kalli gefe. Kada kuma ka bar nauyinsa ya rataya a kan salansa. Girgizar inji za ta yi ta kaɗa shi har ta tsaga mahaɗar ko ta karya ƙusoshin, ka dawo kan matsalar da Baba ya faɗa. A yi masa maɗauri a jikin inji, in a jikin firam za a ɗaure to a sa guntun fayif mai lanƙwasuwa a tsakani, don inji da firam ba tare suke rawa ba. A sa masa murfin ruwan sama mai buɗewa da kansa, a kuma naɗa masa raga, don zafinsa na ɗaye fata.

Manomin Gefe:
Duk wannan wahalar ta mece ce? Ni ƙasa na juya tawa, gwiwa ɗaya, shi ke nan.

Ɗan Walda:
Yallaɓai, ranar da ka tsaya a kan busasshiyar ciyawa inji na aiki za ka ba mu labari. Kuma hayaƙi mai zafi sama yake tasowa, in kana tsaye ko kana ja da baya ta ƙarƙashin kujerarka zai ɓullo.

Manomin Gefe:
Na yarda da maganar wuta. Amma ni a ƙarƙashin bishiyoyi nake aiki, dogon bututu reshe zai karya shi a rana ɗaya. Tawa ma ta dizal ce.

Maman Yara:
Dizal bai kai fetur fitar da kabon monoksayid ba, amma kada hakan ya sa ka saki jiki, Malam. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu.

Mai Kwashe Ƙanƙara:
Ni irin wannan na sha da injin kwashe dusar ƙanƙara, wanda ake bin sa a baya ana turawa. Shi bututun sama bai dace da shi ba, don kana tsaye ne taku ɗaya daga inji, sai ya zo maka daidai baki. A bakin salansata akwai wani ɗan ƙarfe mai karkata hayaƙi, ƙusoshi ne ke riƙe da shi. Na kwance na juya shi ya kalli gefe da gaba, nesa da tankin mai da taya da wayoyi. Sauƙi ya samu, amma ba duka ba. Ashe rumfar leda da na ɗaura don tare iska ita ke tara mini hayaƙin, kamar na kifa kaina a tukunya. Da na cire ta ciwon kan ya tafi. Yanzu ina lura da inda iska ke kaɗawa kafin in fara layi. Na kuma daina ɗuma inji a cikin gareji, ko da ƙofa a buɗe take, waje nake turo shi kafin in tayar. Malam, in taraktarka na da rumfa mai bango, bututun ya wuce rufinta.

Mai Ƙaramar Tarakta:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, ka canka daidai. Na buɗe da safe, gefen mahaɗar baƙi ƙirin, ƙusa ɗaya ma da yatsa na juya ta. Matatar iska kuwa kunya ta hana ni ɗora hotonta a nan. Zan canja gaskit ɗin da matatar tukuna, sannan a yi bututun sama yadda Ɗan Walda ya zayyana. Hajiya, na je an duba ni, kuma ban hau ta ba tun ranar. Saura tambaya ɗaya, ƙofar rumfar da nake ajiye ta gajeriya ce. In aka yi bututun gida biyu, na saman a zura a ɗaure da kilif yadda zan iya zare shi in zan shiga, hayaƙi ba zai riƙa fita ta mahaɗar ba?

Ɗan Walda:
Ba zai fita ba in na saman ya shige sosai kuma kilif ya matse. Bayan aikin kwana biyu duba wurin, in ka ga toka ka ƙara ɗaurewa. Sai dai ka bari ya huce kafin ka kai hannu.