Ina so in cire kujerun bayan Hiace ɗina in riƙa ɗaukar dankali, ko doka ta hana?

Direban Farin Gada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hiace mai cin mutum 18, jar lamba, takardunta duk na motar fasinja ne. Lodi a tasha ya yi sanyi, kuɗin mai ya hana mutane tafiya. Wani Alhaji mai sayen dankalin Turawa a Bokkos da Mangu ya ce in cire layuka uku na baya in riƙa kai masa kaya Abuja, in bar layi ɗaya saboda yaransa. Kuɗin da ya faɗa ya fi na fasinja nesa. To motar nan ita ce cina ita ce shana, ba na so in jefa ta cikin rigima. Akwai tara a kan haka?

Baba Mai Sitiyari:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwance noti ka fitar da kujera ba shi ne abin da zai sa a kama ka ba. Abin dubawa shi ne takarda ta ce motar mutane, ido kuma ya ga motar kaya. In kana so ka zauna lafiya, je ofishin lasin ka bayyana cewa aikin motar ya sauya, a duba ta, a gyara takardu. Ma'aikatan kiyaye haɗura na FRSC kuwa, lodin da ya wuce kima laifi ne a dokarsu ta 2007, tarar da ke rubuce Naira 10,000, rashin ɗaura bel kuma Naira 2,000. Tarar ba ita ce ciwon ba. Ciwon shi ne a tsare motar, dankalin mutane yana ciki yana gumi, mai kaya yana ta buga maka waya.

Oga Bakanike Dilimi:
Malam, ni ta gefen ƙarfe zan yi magana, don irin motocin nan kullum suna garejina. Mutum 18, ka ce kowa kilo 70, kilo 1,260 ke nan. In buhu kilo 100 ne, buhu 13 ya riga ya wuce nauyin fasinjojinka. Kai ma ka san da zarar fili ya buɗe a baya, mai kaya ba zai tsaya a 13 ba, sai ya cusa har rufi.

Sannan hanyarka ta Hawan Kibo ce. Gangaren nan da kaya fiye da kima, kana danne birki tun daga sama, sai ya ɗau zafi ka fara jin ƙauri, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Sifirin baya ya kwanta, gaba ya yi sako-sako, sitiyari ba ya jin magana a kwana. Wata da aka jawo min, tayar baya ta yi ta gugar jikin mota har wayar cikinta ta fito.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran Alhajin. Fasinja yana da bel, yana da hannun riƙewa. Buhu ba shi da ko ɗaya, in ka taka birkin gaggawa gaba ɗaya zai taho kan wuyan wanda ke gabansa. Ko dai mai walda ya yi maka shinge na ƙarfe mai ƙarfi tsakanin kaya da mutane, da ƙugiyoyin ɗaure kaya a ƙasa, ko yaran su hau wata motar. Kan buhu kuwa kada ka yarda kowa ya zauna, ko ɗan kamasho ya yi rantsuwa cewa nan kusa zai sauka.

Hajiya Rayfield:
Ƙanina, ka tuna da inshora. Abin da ka faɗa wa kamfani lokacin yanka ta, a kansa suke biya. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sauya farashi, inshorar dole (third party) ta motar gida ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, kuma motar fasinja da ta kaya kowacce rukuninta daban. In wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, suka tarar kaya kake ɗauka da takardar fasinja, sun samu ƙofar ƙin biya.

Direban Farin Gada:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan faɗa wa Alhaji buhu 12 ne iyakata, yaransa kuma su bi motar tasha. Oga, nawa shingen zai ci? Kuma in na ajiye kujerun, nocinan za su sake kamawa daidai ranar da zan mayar?