"Ba a fafe gora ranar tafiya": har da yawon buɗe ido?

Magidanci daga Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. A raba mu gardama da yayata. Kwana takwas muka yi a Alƙahira da iyali, amma sai ranar dawowa na kai yara dalar Giza. Jirgin dare ne, na ɗauka akwai lokaci. Ashe Giza tana yamma da kogin Nilu, filin jirgi kuma can arewa maso gabas, sai ka ratsa gari kaf cikin cunkoso. Ko awa guda ba mu yi a wurin ba. Autarmu ta ɗora tafin hannunta a kan ɗaya daga cikin duwatsun ƙasan dalar, na ce ta taho, sai ta fashe da kuka. Da na ba Yaya labari, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ina ganin ba nan ne gurbin maganar ba.

Malamin makaranta daga Kawo:
Alhaji, ina bayanka. Gora kayan guzuri ne. Gargaɗin yana kan abin da tafiya ba ta yiwuwa sai da shi, kamar fasfo da biza da katin rigakafin shawara. Kallo ba guzuri ba ne. Yara sun ga dala da idonsu, gani ya kori ji.

Hajiya daga Tudun Wada:
Malam, ka taɓa zama inda ake fafe gora kuwa? A gidan kakarmu na gani. Duma in ya bushe sai a yanke bakinsa, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa har 'ya'yan da tarkacen ciki su fito. Wannan aikin yini ɗaya ne, ana iya gama shi. Abin da ba ya yiwuwa a yini shi ne fitar da ɗaci. Sai an cika shi da ruwa, ya kwana, a zubar, a sake cikawa, kwana da kwanaki. Wanda ya fafe ranar tafiya zai rataya gora a kafaɗa kamar kowa, sai ƙishi ya kama shi a hanya ya kurɓi ɗaci. To Alhaji ya kai yara, babu musu. Kukan autar nan shi ne ɗacin. Yayarka ta ajiye maganar a gurbinta, ɗana.

Matashiya daga Barnawa:
Mama, na yarda da ke, amma kada a ɗauka ranar ƙarshe a zauna a masauki ana kallon akwati. Laifin na zaɓin wuri ne. Babbar dalar Giza, wato ta Sarki Khufu, ta kai wajen shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146, wuri ne na yini guda. Ranar tafiya ta dace da masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970. Ana tsallaka titi ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, a yi salla, a sayi tsaraba, a wuce.

Malamin makaranta daga Kawo:
Hajiya, ban taɓa lura da batun jiƙon ba, na ƙaru. Amma har yanzu ina ganin in zaɓi ya zama tsakanin awa guda da rashin zuwa, da babu gara ba daɗi.

Hajiya daga Tudun Wada:
Wannan ta wanda bai da kwana takwas a hannu ce, Malam.

Magidanci daga Unguwar Rimi:
Hajiya, maganarki ta shige ni. Kwana uku cikin takwas ɗin a shaguna muka ƙarar da su. Jiya yarinyar ta kawo mini zanen dala a littafinta na makaranta, tana tambaya ko ana shiga ciki. Ana shiga, da tikiti na daban, har ɗakin da aka ajiye akwatin dutsen sarkin. Na gaya mata haka, ta ce to yaushe.